Dafaffen Iri a Tulun Mai-iyo

Ko da Sajan ya isa rumbun irin ƙungiyar manoma, ya tarar da Malama mai ajiya zaune a ƙasa dirshan, da jiƙaƙƙen tsumma a cinyarta. Mutane sun cika ƙofa, kowa na magana, ba mai sauraron kowa. Ya kore su waje da hannu, ya durƙusa gabanta.

"Malama, me aka ɗauka?"

"Ba a ɗauki komai ba, Sajan. Kashe ta aka yi."

Ta miƙa masa tsumman. Wani tsami ya bugi hancinsa. Ƙa'idar rumbun ke nan kowace shekara kafin a raba iri: a ɗebi kaɗan daga kowane tulu, a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a jira 'yan kwanaki a ga ko akwai rai. Sauran tsummokaran suna jere a kan tebur, duk sun fito da fararen saiwoyi cirko-cirko. Wannan kuwa ko ƙwaya ɗaya ba ta fasa ba, sai yauƙi.

Malama ta sa hannu a tulun, ta ɗauko ƙwaya, ta ɓare da farce. Cikin ya yi garau, rawaya-rawaya, da tauri kamar tsakuwa.

"An yi mata gumi," in ji ta. "An jiƙa, an turara a tukunya, an shanya. Dafaffiyar shinkafa ce a cikin ɓawonta. Tulun gaba ɗaya haka yake har ƙasa."

"Wane tulu ne?"

Ta ɗago ta dube shi. Nan take ya gane.

Mai-iyo ce. Duk wanda ya taɓa noma a fadamar da ke bayan gari ya san ta: shinkafa mai jan ɓawo wadda idan ruwa ya taso ita ma sai ta miƙe, ruwa na hawa tana hawa, kanta kullum a sama. Ba ta da yawan amfani, ga jinkirin nuna, shi ya sa mutane suka watsar da ita suka koma wa sabon iri, har ya zama ba ta rage ko'ina ba sai a wannan tulu. Bara ambaliya ta share gonakin fadama kakaf, sai ga mutane sun tuna da ita. A wurin Sajan kuma ba shinkafa ce kawai ba. Kakarsa ce ta riƙe irin duk tsawon rayuwarta, ta bar wa ɗanta, Kawun Sajan, wanda ya rene shi tun yana maraya, wanda kuma ya kafa wannan rumbu da tuluna na gidansa.

Ya miƙe, ya fara aiki.

Kwaɗon ƙofa lafiya lau, ba a taɓa shi da ƙarfe ba. Tagar tana da ƙarafa, gizo-gizo ya yi saƙa a kansu tun ba yau ba. Ya tattara gutsattsarin yumɓun da aka liƙe bakin tulun da shi, ya jujjuya: an shafe shi sumul, ba alamar gaggawa. Ya zura hannu cikin shinkafar, ya fito da shi fari fat da toka, ga busasshen ganye mai ɗaci a haɗe, irin wanda ake sa wa iri don ƙwari. Ya zagaya ɗakin. A lungun da bango ke tsatsafo, ya ga zagayen gindin wani tulu daban a ƙasa, babu tulun. Yana gefe, an ɗora shi a kan bulo biyu da guntun katako.

Shugaban ƙungiya ya kutso kai, hula a karkace, gumi na zuba.

"Sajan, ba sai ka wahalar da kanka ba. Makulli biyu ne, ɗaya a wurina ɗaya a wurinta. Nawa yana cikin akwati, ni kuma tun bayan girbi ina asibitin birni ana fama da ƙafar nan, jiya-jiya na dawo. Mun yi wa mutanen fadama alkawari za mu raba musu tulun nan kaf bana. Yanzu in ce musu me?"

"Kaf? Ba za a bar komai ba?"

"Haka taro ya yanke. Mutane na cikin wani hali."

Sajan ya juya ga Malama. "Wa ke shiga nan ban da ke?"

"Ba kowa."

"Kin taɓa ba wani makulli?"

"Ban taɓa ba wani bare ba, wallahi."

A waje, Kawu na zaune a kan dutsen da ke gindin bango, sanda tsakanin gwiwoyinsa. Bai shiga ɗakin ba. Sajan ya cire hula, ya rusuna.

"Kawu, sai haƙuri."

"Dogo," in ji tsohon, don shi har gobe da sunan yarinta yake kiransa, "ita Malama me za a yi mata?"

"Tambayoyi ne kawai."

Kawu ya gyaɗa kai, ya dogara sanda ya tafi. Sajan ya bi bayansa da kallo, tausayi ya kama shi. Ya ce a ransa baƙin ciki ne ya hana tsohon ko leƙa tulun.

Tambayoyi kawai, ina! Sufeto mutum ne da ba ya son fayil ya kwana a teburinsa. Ya saurari bayani da ido ɗaya a kan wayarsa, ya ce, "Kwaɗo lafiya, makulli a hannunta, mai ɗayan kuma yana asibiti a lokacin. To me ya rage? Ta sayar, ta cika tulu da shara. A ajiye ta bayan kanta." Haka aka sa matar da ta koyar da rabin garin nan karatu ta cire takalmi, ta zauna a benci tare da wani ɓarawon akuya. Sajan ya kasa haɗa ido da ita. Ya roƙi Sufeto ya ba shi zuwa gobe, ya fita.

Idan an sayar, akwai mai saye. Duk garin kuwa mutum ɗaya ne ya taɓa taya Mai-iyo: mai shagon kayan noma da ke bakin tasha, wanda ake kira Sabon-iri saboda ba ya buɗe baki bai ambaci kalmar ba. Sajan ya same shi a bayan buhunan taki yana korar ƙuda da kwali.

"An ce ka taɓa neman a sayar maka da Mai-iyo."

"Ƙwarai. A gaban jama'a na nema, a gaban jama'a Kawunka ya wanke ni tas. Wasu masu bincike ne suka ce in samo musu kaɗan. Da abin ya ƙi, suka tafi abinsu."

"Ka koma ta bayan gida?"

"Wurin Malama? Haba Yallaɓai! Matar da har yau in na gan ta sai na gyara tsayuwa?"

"Buɗe min sito."

Ya buɗe. Sajan ya bi buhu-buhu, ya soka hannu, ya duba ƙarƙashin katakai. Ba jan ɓawo ko ɗaya. Sabon-iri na biye da shi yana surutu, har ya kai ga abin da ya tsayar da Sajan cak.

"Ni abin da ya ba ni dariya ma, wai dafaffiya aka zuba. Wane sakaran ɓarawo ne wannan? Shinkafa mai jan ɓawo ai ta cika kasuwa. Da ni ne, Allah ya kiyaye, ɗanya zan saya in zuba. A yi gwaji ta tsira, a raba, a shuka, kowa na murna. Sai ruwa ya zo ya shanye ta sannan a gane, lokacin kuwa wa zai ce ga wanda ya yi? A ce irin ne ya gaji. Amma ka ɓata itace, ka ɓata ruwa, don kawai a kama ka tun kafin shuka?"

Sajan ya daɗe yana kallonsa.

"Na faɗi wani abu ne, Yallaɓai?"

"Ka faɗa. Rufe sitonka."

Daga nan ya gangara layin masu gumi, inda hayaƙi ba ya yankewa. Manyan tukwane a kan murhu, shinkafa shanye a kan tamfol har bakin hanya. Babbarsu, wadda kowa ke kira Goggo, tana juya shanya da ƙafa. Ya kwance ƙullin da ya ɗebo daga tulun, ya zuba mata a hannu.

"Goggo, a cikinku wa ya yi wannan?"

Ta kai hanci, ta yamutsa fuska, ta watsa masa harara.

"Zagi ka zo yi mana da rana tsaka? Dubi nan. Wannan ta fashe, wannan ta ƙone, wannan ko jiƙuwa ba ta gama yi ba. A ƙaramar tukunyar girki aka yi ta, kaɗan-kaɗan, shi ya sa kala ya bambanta. Kuma ba ta ga rana ba, a ɗaki aka shanya ta, ji warin. Yarinyar da ta yi min wannan ko 'yar cikina ce sai ta bar layin nan."

"Malama fa? Ta iya gumi?"

"Uwarta a nan ta tsufa. Malama ko da ido rufe ba za ta yi wannan ƙazanta ba." Ta sake shinshinawa, sai ta yi dariya. "Aikin namiji ne, Sajan. Namijin da ya sha ganin ana yi, bai taɓa yi ba. Amma tsaya, toka ce wannan? Wa ke sa wa dafaffiya toka da ganye? Me zai mutu a ciki da ake tsare shi?"

Sajan bai yi dariyar ba. Ya ƙulle ƙullinsa, ya yi godiya, ya kama hanya a hankali kamar wanda aka ɗora wa buhu. Amsar ta riga ta zo masa, shi ne dai ba ya son ta. Ya bi ta doguwar hanya, ya tsaya ya sha ruwa a famfo ba don ƙishi ba, ya tsaya kallon masu faci kamar bai taɓa ganin taya ba. Ƙarshe dai ƙafarsa ta kai shi caji ofis.

Malama na nan inda ya bar ta, an kawo mata abinci daga gida ba ta taɓa ba. Ya jawo kujera ya zauna kusa, ya rage murya.

"Tulun da ke lungu mai tsatsafo, ke kika ɗora shi a kan bulo?"

"A'a. Na tarar da shi haka, na ce Allah ya yi wa Baba albarka."

"Wane Baba?"

"Kawunka mana."

"Kin ce min ba mai shiga."

"To ai Baba ba wani ba ne, Sajan. Rumbunsa ne. Yakan karɓi makulli ya share, ya duba ɓeraye, ya dawo min da shi. In ce maka mai gida na shiga gidansa?" Ya ga lokacin da abin ya faɗo mata, ta dafe ƙirji. "A'a. A'a, Sajan, kada ka soma. Mutumin da ya yi kuka a gaban taro saboda shinkafar nan?"

"Kuka?"

"Ranar da aka yanke a raba ta kaf. Ya ce a bar ko rabi, aka ce masu buƙata sun yi yawa. Ya tuna musu da wata shinkafar, Farar-uwa, da aka raba haka shekarun baya, kowa ya gauraya ta da sabon iri a masussuka, da aka dawo da ita ba ita ba ce. Aka ce Baba ya cika tsoro. Hannu aka ɗaga, shi kaɗai ya rage." Ta kama hannun rigarsa. "Ka bar ni a nan. Ni na yarda, ka ce ni ce."

"Ba a haka, Malama," in ji shi, ya miƙe.

Gidan Kawu na ƙarshen layi. Tun daga nesa ake hango sabon rufin kwanon ɗakin girki yana walƙiya. Sajan ne ya sa aka yi shi bara, da ya gaji da ganin tsohuwar jinka na yoyo a kan murhu. Kawu ya yi ta tsokanarsa a lokacin, wai ɗan sanda ya zo ya gasa su da ransu, amma duk baƙon da ya shigo sai ya nuna masa rufin ya ce aikin Dogo ne.

Sajan ya same shi a tsakar gida a kan tabarma, yana gyaran ƙotar fartanya. Matar ɗansa ta kawo ruwa, ta ga fuskar Sajan, ta ja yaranta suka shige ɗaki.

"Malama na bayan kanta, Kawu."

Hannun tsohon ya tsaya. "Ka ce tambayoyi ne."

"Ni ma haka na zata."

Kaza ta zo ta tsattsagi ɓawon itacen da ke faɗowa daga ƙotar, ba wanda ya kore ta.

"Zan faɗa maka abin da na gani, in na yi kuskure ka gyara min, kamar yadda ka saba," in ji Sajan. "Ba a fasa ƙofa ba, don mai shigar ba ya buƙata. Ya kwashe irin, ya cika tulun da mai kama da ita don kada Malama ta ji ya yi sauƙi. Har nan kowane ɓarawo zai iya. Amma wannan sai da ya dafa ta tukuna, a ɓoye, a ƙaramar tukunya, don ba ya son a shuka ƙarya. Ya san da ɗanya ya zuba, mutanen fadama za su shuka ta da sunan Mai-iyo, ruwa ya zo ya cinye su karo na biyu. Ya san akwai gwajin tsumma da zai tare ta, don shi ya kawo gwajin. Da ya gama zubawa, hannunsa ya yi abin da ya saba yi tun yana yaro: ya sa toka, ya sa ganye, ya liƙe baki sumul, ga shinkafar da ba abin da ya rage a cikinta. Yana fita ya hangi wani tulu zaune a danshi, zuciyarsa ta ƙi, ya nemo bulo. Kawu, na yi shekaru ina bin ɓarayi. Ban taɓa ganin wanda ya tsaya gyara wa mai kaya kayansa ba."

Kawu ya ajiye fartanyar. Abin mamaki, murmushi ya yi, ɗan guntu.

"Bulon ne ko?"

"Bulon ne. Da tokar."

"Ai ba zan iya wucewa in bar shi ba, gindinsa har ya fara kore." Ya share fuska da tafin hannu. "Ba sata na yi ba, Dogo. Za su kashe ta ne. Kowa ya karɓi ɗan kaɗan, ya watsa a gefen gona, a casa a wuri ɗaya da sauran, shi ke nan an gama da ita. Na ce in ɓoye ta, ruwa na sauka in shuka ta ni kaɗai a ƙaramar gonar Inna kakarka, in ta yi in dawo musu da tulu biyu. Na zata za a ce iri ya lalace, a yi jimami, a wuce. Ban san Shugaba zai kira ku ba. Da safen nan na buɗe baki in faɗa, na ga idon mutane, sai harshena ya ƙi." Muryarsa ta karye. "'Yar mutane a bayan kanta saboda ni. Tashi mu je."

"Za mu je. Tana ina?"

Nan fuskar tsohon ta ɗan washe, har da alfahari. "Tana nan lafiya. Inda Inna ke ajiye ta."

Sajan ya juya ya dubi ɗakin girki. Ya san wurin. Yana yaro ya sha ganin Kaka ta hau turmi tana rataye ƙwaryar iri a azarar ɗakin girki, saman murhu, inda hayaƙi ke korar ƙwari, jinka kuma na tare rana. Wurin da ya fi ko'ina sanyi da bushewa a gidan ke nan, a wancan lokacin.

"Tun yaushe, Kawu?"

"Tun kafin bazara ta kama."

Suka shiga. Ko da yake rana ta karkata, ɗakin kamar tanda yake. Sajan ya taka turmi ya miƙa hannu, bayan hannunsa ya taɓa kwanon, ya janye da sauri don zafi. Ƙullin irin na nan a maƙale tsakanin azara da rufi. Ba ƙwarya ba ce, baƙar leda ce ninki biyu, an ɗaure bakinta tamau.

"Saboda ɓera," in ji Kawu daga ƙasa. "Na ga ledar ta fi."

Sajan ya sauko da ita, ledar na ƙona masa hannu. Suka fito tsakar gida, ya kwance a kan tabarma. Cikin ledar ya yi gumi, wani wari mai ɗumi ya taso, na abin da ya daɗe a rufe. Jan ɓawon ya dushe ya koma toka-toka, wasu ƙwayoyin sun manne da juna da funfuna. Sajan ya ɓare ɗaya, ta marmashe tsakanin yatsunsa ta zama gari.

Bazara guda cur, rana na dukan kwano daga sama, murhu na turo zafi daga ƙasa, iri na shaƙe a leda ba inda zai yi numfashi. Sajan ya ɗaga kai ya dubi rufin da ya yi ta jin daɗin ya yi wa Kawunsa, ya ji kamar ya kurma ihu.

Kawu ya durƙusa, ya cusa hannu biyu cikin irin, ya ɗebo, ya shinshina. Ya daɗe a haka.

"Ta ɗan sha zafi," in ji shi. "Amma tana da ƙarfi. Ba ka san ta ba ne. Samo min tsumma."

Kafin rana ta faɗi aka saki Malama. Kawu da kansa ya tsaya gaban Sufeto ya yi bayani, ba ragi ba ƙari, sannan ya juya zai durƙusa wa Malama, ta riga shi zubewa ƙasa tana kuka tana cewa Baba kada ka yi min haka. Shugaba ya ce ƙungiya ta janye ƙara, wa zai kai tsoho kotu a kan kayan uwarsa? Sufeto ya ji daɗi, fayil ya rufu. Ya ma yaba wa Sajan, ya ce aiki ya yi kyau. Sajan bai taɓa jin yabon da ya yi masa ɗaci kamar wannan ba.

Malama ba ta yarda da tsumma ɗaya ba. Ta tsince ƙwayoyin da suka fi kyan gani daga tsakiyar ledar, ta naɗa a tsummokara da yawa, ta jera a rumbu. Aika aka yi ƙauyukan da ke kewaye, ko wata tsohuwa ta ɓoye kaɗan a gindin randa. Duk inda aka je amsar ɗaya ce: ai mun bar muku, mun ji kuna da rumbu. Ranar da ta buɗe tsummokaran, Sajan na tsaye a kanta. Ta buɗe na farko, ta buɗe na biyu, ta bi su har na ƙarshe. Ko ƙwaya ɗaya ba ta tsira ba, ta tattara su ta zuba a bokiti, ta wanke tulun, ta kife shi a lungu.

Ruwa ya sauka a kan lokaci. Mutanen fadama suka je shagon Sabon-iri suka sayi abin da ya samu, suka shuka, suna kallon kogi.

Kawu bai ƙara taka rumbun ba. Amma ya riƙe nasa tsumman a cikin wani tsohon kwano a gindin randa, kullum da safe sai ya yayyafa masa ruwa. Matar ɗansa ta faɗa wa Sajan a soro cewa abin har ya yi baƙi, wari ya hana su zama a wurin, ta rasa yadda za ta yi ta zubar.

Sajan ya shiga ya gaishe shi. Tsohon ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya jawo kwanon, ya buɗe tsumman a hankali da yatsa biyu, ya kai shi dab da idonsa, sannan ya miƙa.

"Idona ba ya gani sosai yanzu. Duba min, Dogo. Can gefe, ba fari-fari nake gani ba?"

Sajan ya duba. Funfuna ce.

"Ban gani ba tukuna, Kawu."

"To. Dama ita haka take, ba ta son gaggawa. Inna takan ce sai kowa ya fito take fitowa." Ya mayar da tsumman ya rufe, ya gyara masa zama. "Miƙo min butar nan, ya fara bushewa."

Sajan ya miƙa masa butar.